Ƙarin mafitsara mai tayar da hawan jini lokacin fitsari

Likitoci na kiransa faragangiliyoma. Ƙari ne da ba kasafai ake cin karo da shi ba, kuma akan rabu da shi ta hanyar tiyata, to amma taɓa shi ba tare da an san ko mene ne ba kan jefa rayuwar majiyyaci cikin mummunan haɗari.

Mutum ne zai shiga makewayi lafiyarsa ƙalau. Da zarar ya kammala fitsari sai kansa ya sara, zuciyarsa ta shiga dukan uku-uku, gumi ya karyo masa, hannuwansa su kama rawa. Wani har yakan yanke jiki ya faɗi. Bayan 'yan mintoci kuma sai komai ya lafa tamkar ba a yi ba. Idan ya je asibiti aka auna jininsa, mai yiwuwa ne a tarar da shi daidai, a sallame shi da maganin ciwon kai, ko kuma a ce masa gajiya ce da yawan tunani.

Wannan shi ne halin da wasu masu ɗauke da wannan ƙari kan shafe watanni, wasu ma shekaru, suna ciki kafin a gano ainihin abin da ke damunsu.

A shekarar 1953 ne wasu likitoci uku a ƙasar Amurka, wato Zimmerman da Biron da MacMahon, suka ba da rahoton farko na samun ƙarin a cikin mafitsara, a mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine. Daga wancan lokaci zuwa yau, waɗanda aka rubuta bayanin cutarsu a mujallun likitanci ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. A cikin kowane ƙarin mafitsara dubu ɗaya da aka gano, da ƙyar ake samun guda ɗaya irin wannan.

Daga ina ƙarin ke fitowa?

Jikin ɗan Adam na da wani rukuni na jijiyoyin saƙo da ke aiki ba tare da jiran umurninsa ba. Su ne ke kula da bugun zuciya, da buɗewa ko tsukewar hanyoyin jini, da fitar gumi, da motsin hanji. Idan mutum ya yi kiciɓis da maciji a kan hanya, waɗannan jijiyoyi ne ke sa zuciyarsa ta ƙara sauri, jininsa ya hau, domin jiki ya shirya wa gudu ko kare kai.

Sinadaran da ke isar da wannan saƙo su ne adiranalin da ɗan uwansa noradiranalin. Babbar ma'aikatar adiranalin ita ce wata 'yar tsoka da ke zaune a saman kowace ƙoda kamar hula, wadda ake kira adirinal. To sai dai tun jariri na cikin mahaifa, wasu daga cikin ƙwayoyin halittar da ke iya samar da irin waɗannan sinadarai kan bi hanyoyin jijiyoyi su yada zango a wasu sassan jiki, kamar gefen ƙashin baya, da kusa da babbar jijiyar jini ta ciki, da kuma cikin bangon mafitsara. Ga mafi yawan mutane, a nan suke zama shiru har ƙarshen rayuwa.

Idan waɗannan ƙwayoyi suka shiga hayayyafa fiye da kima a cikin adirinal, ƙarin da suka haifar shi ake kira fiyokuromosaitoma. Idan kuwa a wajenta abin ya faru, sai a kira shi faragangiliyoma. Halinsu dai guda ne: sukan tara sinadari mai yawa su riƙa zuba shi cikin jini ba tare da jiki ya buƙata ba. Na mafitsara galibi noradiranalin yake fitarwa, sinadarin da ke matse hanyoyin jini ya sa jini ya hau.

Me ya haɗa shi da fitsari?

Mafitsara jaka ce ta tsoka, wadda kan buɗe sa'ad da fitsari ke taruwa, sannan ta matse sa'ad da ake zubar da shi. Shi kuwa ƙarin a cikin wannan tsoka yake zaune. Saboda haka duk lokacin da mafitsarar ta matse sai ta tatse shi kamar yadda ake tatsar lemo, sinadarin ya kwarara cikin jini a lokaci guda. Jinin da aka saba gani a kusa da 120 bisa 80 na iya haura 200 cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Cikar mafitsara fiye da kima, ko yunƙurin bayan gida, ko jima'i, ko danna mara, su ma kan iya tayar da abin.

Wani nazari da wasu likitoci a jihar Florida ta Amurka suka wallafa a shekarar 2013, bayan sun tattara bayanan majiyyata 106, ya nuna cewa kimanin rabinsu ne suka riƙa samun irin wannan farmaki lokacin fitsari. Fiye da rabi na da hawan jini, yayin da kusan rabi suka yi fama da ciwon kai, kusan rabi kuma suka ga jini a fitsarinsu. Matsakaicin shekarunsu ya kama kimanin 43, wato ƙasa da shekarun da aka saba ganin sankarar mafitsara, wadda ta fi kama waɗanda suka manyanta.

Wani abin lura shi ne, akwai wani kaso na wannan ƙari da ba ya nuna wata alama ta hawan jini. Irin wannan ba a gano shi sai an ga fitsarin jini, ko kuma an ɗauki hoton ciki saboda wani dalili na daban.

Abin da ke sa a kasa gane shi

Dalili na farko shi ne ƙarancinsa. Likita na iya kammala aikinsa har ya yi ritaya bai taɓa ganin ko guda ɗaya ba. Na biyu kuma, kowace daga cikin alamominsa na da wani bayani da ya fi kusa da zato.

A ƙasashe irin su Najeriya da Nijar, inda tsargiya ta yi katutu a tsakanin masu wanka da aiki a kududdufai da madatsun ruwa, abin da ake fara kawowa a rai idan aka ga fitsarin jini shi ne tsargiya, kuma galibi zaton kan zama daidai. Hawan jini shi ma ya zama ruwan dare, ta yadda ba a cika neman wani dalili na musamman a bayansa ba. Faɗuwa a makewayi kuwa, a ƙasar Hausa ba wuya a danganta ta da iska, lamarin da kan jinkirta zuwa asibiti.

Har ila yau akwai wata sumar da ta fi wannan yawa nesa ba kusa ba, wadda kan sami maza idan sun tashi fitsari cikin dare. A wannan, jini sauka yake yi, saɓanin ta masu ƙarin inda jinin ke hawa. Ga mai juna biyu kuma, ana iya ɗaukar abin a matsayin hawan jinin masu ciki da ke kai wa ga jijjiga, alhali kuwa ƙarin da ba a gano ba na da matuƙar haɗari ga uwa da abin da ke cikinta, musamman lokacin naƙuda.

Ɓuyan wannan dangi na ƙari bai tsaya ga talakawa ko ƙananan asibitoci ba. Tsohon shugaban Amurka Dwight Eisenhower ya yi shekaru yana fama da ciwon zuciya da jini mai hawa da sauka a hannun manyan likitocin ƙasarsa, amma sai bayan rasuwarsa a 1969 ne binciken gawa ya gano wani ɗan ƙari mai faɗin santimita 1.5 a adirinal ɗinsa ta hagu.

Dangane da na mafitsara kuwa, wani bincike na haɗin gwiwar cibiyoyin lafiya na ƙasashe daban-daban da aka wallafa a 2022, wanda ya duba majiyyata 110, ya gano cewa kimanin ɗaya bisa uku ne kawai aka san abin da ke damunsu kafin a yanko wani yanki na ƙarin domin gwaji. Ma'ana, mafi yawansu an taɓa ƙarin ne ba tare da an san da abin da ake mu'amala ba.

Haɗarin tsokano gidan rina

A bisa al'ada, idan hoto ya nuna wani tsiro a mafitsara, likitan mafitsara kan zura wani siririn bututu mai kyamara ta hanyar fitsari ya duba ciki. Idan ya ga ƙari, sai ya kankare shi ta cikin bututun ya aika ɗakin gwaje-gwaje. Wannan ita ce hanyar da ta dace ga sankarar mafitsara da aka saba gani.

Ga faragangiliyoma kuwa, wannan tamkar tsokano gidan rina ne. Cika mafitsara da ruwa domin a ga ciki sosai, da taɓa ƙarin, da yanka shi, kowannensu na iya sa ya amayar da sinadarinsa gaba ɗaya. Jini kan yi tashin gwauron zabi a kan teburin tiyata, bugun zuciya ya rikice, ruwa ya taru a huhu, ko jijiyar jini ta fashe a ƙwaƙwalwa. Ƙarin kuma na da yawan hanyoyin jini, don haka yana iya zubar da jini sosai.

Akwai abin da kan ja hankalin ƙwararren likita tun a wannan mataki. Sankarar mafitsara daga fatar ciki take tsirowa, sau da yawa da 'yan yatsu masu lilo a cikin ruwa. Shi kuwa wannan ƙari, a ƙarƙashin fatar yake, yakan turo ta ne kamar dunƙule mai santsi. Idan aka ga haka, ko kuma jinin majiyyaci ya yi tsalle ana cikin aiki, shawarar masana ita ce a dakata, a koma ga gwajin jini.

Gwaji kafin wuƙa

Matakin farko ba ya buƙatar kuɗi ko na'ura mai tsada: tambaya ce kawai. Shin ciwon kan da faɗuwar gaban na zuwa ne lokacin fitsari ko jim kaɗan bayansa? Auna jini kafin fitsari da kuma nan take bayansa na iya nuna bambanci mai yawa da zai ƙarfafa zato.

Daga nan sai gwajin sinadarin metanefirin, wato abin da adiranalin da noradiranalin kan rikiɗe su koma. Hikimar wannan gwaji ita ce, ƙarin kan riƙa fitar da metanefirin a kai a kai, ko da a lokacin da mutum ba ya jin komai. Ana auna shi a cikin jini, ko a cikin fitsarin da aka tara na tsawon sa'o'i 24. Ƙungiyar likitocin sinadaran jiki da ke da mazauni a Amurka, a cikin ƙa'idojin da ta fitar a 2014, ta sanya shi a matsayin gwajin da za a fara da shi. An fi so a ɗebi jinin bayan mutum ya kwanta rigingine na kimanin rabin sa'a, sannan likita ya san duk magungunan da yake sha, domin wasu, kamar wasu magungunan ciwon damuwa, kan sa sakamakon ya hau ba tare da akwai ƙari ba. Ba a kowane asibiti ake samun gwajin ba, sau da yawa sai an aika samfurin zuwa manyan ɗakunan gwaje-gwaje.

Idan sakamakon ya nuna akwai matsala, sai a nemi inda ƙarin yake ta hanyar hoton CT ko MRI. Bayan haka akwai wani hoto na musamman da ake kira PET, inda ake yi wa majiyyaci allurar wani sinadari mai ɗauke da galiyam 68, wanda kan je ya manne wa irin waɗannan ƙwayoyi a duk inda suke. Wannan kan nuna ko akwai wani ƙarin a wani wuri, ko kuma ya riga ya bazu.

Hatta a ƙarƙashin madubin likita ana iya yin kuskure, domin ƙarin kan yi kama da sankarar mafitsara da ta kutsa cikin tsoka. Sai dai kama da wane ba ta wane. Ƙwayoyinsa kan taru ne rukuni-rukuni kamar sheƙar tsuntsu, kuma akwai rini na musamman da ke bambanta su. Wannan bambanci na da muhimmanci ƙwarai, domin kuskure a nan na iya sa a cire wa mutum mafitsara baki ɗaya, ko a ɗora shi kan maganin sankarar da ba ita ke damunsa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Maganin ƙarin shi ne a cire shi, amma sai an shirya jiki tukuna. Akan ɗora majiyyaci na tsawon kwanaki 7 zuwa 14 a kan magungunan da ke toshe tasirin noradiranalin a kan hanyoyin jini, kamar fenoksibenzamin ko doksazosin, ana ƙara yawansu sannu a hankali har jini ya daidaita.

A wannan lokaci likita kan umurce shi ya ƙara cin gishiri da shan ruwa, abin da kan ba mutane mamaki, ganin cewa hana cin gishiri aka saba yi wa mai hawan jini. Dalili shi ne, dogon lokacin da hanyoyin jini suka yi a matse ya sa ruwan da ke cikinsu ya ragu. Idan aka cire ƙarin suka saki gaba ɗaya ba tare da an cike wannan giɓi ba, jini na iya faɗuwa warwas.

Akwai kuma tarkon da ya kamata a sani. Magungunan rage gudun zuciya irin su furofuranolol da atenolol, waɗanda akan ba masu fama da faɗuwar gaba, ba a fara su sai bayan na farkon sun kama jiki. Idan aka sha su su kaɗai, hanyoyin jini kan ƙara tsukewa, jini ya ƙara hawa. Kazalika maganin amai na metokulofuramid na daga cikin waɗanda kan iya tayar da farmakin. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa sayen magani a kemis ba tare da ganin likita ba ke da haɗari ga mai irin waɗannan alamomi.

Tiyata da abin da ke biyo baya

Tun a shekarar 1926 likitoci suka fara samun nasarar cire ɗan uwan wannan ƙari daga adirinal, inda César Roux ya yi aikin a birnin Lausanne na Suwizalan, Charles Mayo kuma ya yi nasa a Amurka. A wancan zamani aikin kasada ne babba. Samuwar magungunan shirya jiki da ci gaban aikin sa barci su ne suka rage haɗarin matuƙa.

A mafitsara, aikin da aka fi yi shi ne yanke ɓangaren bangon da ƙarin yake tare da ɗan abin da ke kewaye da shi, sannan a ɗinke sauran. Kimanin biyu bisa uku na majiyyatan nazarin 2013 irin wannan aiki aka yi musu. Ana iya yin sa ta hanyar buɗe ciki, ko ta 'yan ƙananan huduji da kyamara. Kankarewa ta hanyar fitsari kaɗai kan iya barin saiwa a cikin tsoka, yayin da cire mafitsara dungurungum sai ƙarin ya yi girma ko ya mamaye wurare da dama. Bayan aikin akan sa ido sosai a kan jini da sukarin majiyyaci, domin dukansu na iya sauka. Makonni kaɗan bayan haka kuma a sake gwajin metanefirin don tabbatar da cewa ba a bar komai ba.

To amma cire ƙarin ba shi ne ƙarshen lamarin ba. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina raba wannan dangi zuwa mai illa da marar illa, inda ta ce kowannensu na iya bazuwa, domin babu wani gwaji da ke iya ba da cikakken tabbacin wanda zai tsaya wuri guda. A binciken 2022, fiye da ɗaya cikin biyar na majiyyatan sun ga ƙarin ya ɓulla a wasu sassan jiki daga baya, wasu bayan shekaru da dama. Shi ya sa ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Turai, a ƙa'idojinta na 2016, ta ba da shawarar gwaji kowace shekara na aƙalla shekaru goma, ga masu faragangiliyoma kuwa har tsawon rayuwa.

Batun gado

Wannan dangi na ƙari na daga cikin waɗanda suka fi bin jini. Har kusan kashi 40 cikin 100 na masu shi na ɗauke da wani sauyi a ƙwayoyin gadonsu, kamar waɗanda ake kira SDHB da SDHD da VHL. Masu sauyi a SDHB sun fi fuskantar haɗarin bazuwar ƙarin. Kowane ɗa ko 'ya na mai ɗauke da sauyin na da damar rabi da rabi ta gadonsa, ko da yake ba duk wanda ya gada ba ne ƙarin ke fito masa. Saboda haka ake ba da shawarar a yi wa duk majiyyaci gwajin gado, idan an sami sauyin kuma a gwada iyaye da 'yan uwa da 'ya'ya. Tarihin mutuwar fuju'a, ko hawan jini tun ana ƙuruciya a cikin dangi, abu ne da ya kamata a shaida wa likita.

Idan ƙarin ya riga ya bazu zuwa ƙashi, ko hanta, ko huhu, akwai hanyoyin rage masa ƙarfi. Daga ciki akwai allurar lutetiyam 177 da ke kai haske mai ƙona ƙari kai tsaye ga ƙwayoyinsa, da magungunan sankara da ake haɗawa uku, da kuma ƙwayar sunitinib. A watan Mayun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar belzutifan ga masu shekaru 12 zuwa sama waɗanda ƙarinsu ya bazu ko ba ya ciruwa. Waɗannan magunguna na da tsada, kuma galibi jinkirta cutar suke yi. A wasu mutanen ƙarin kan yi tafiyar hawainiya, har su rayu shekaru masu yawa da shi.

Mafi yawan masu ciwon kai, ko hawan jini, ko fitsarin jini, ba wannan ƙari ke damunsu ba. To amma duk wanda ya lura cewa ciwon kai mai tsanani, da gumi, da bugawar zuciya na zuwar masa ne a duk lokacin da ya yi fitsari, ya kamata ya faɗa wa likita hakan ƙarara, ya kuma rubuta lokutan da abin ke faruwa da abin da ma'aunin jini ya nuna. Haka nan wanda aka ga tsiro a mafitsararsa alhali yana da irin waɗannan alamomi, yana da haƙƙin tambaya ko an yi masa gwajin metanefirin kafin a sa ranar aiki.